Hyperdrama: Justice sun rage kaushi

Mu da muka fara sauraron Justice, ƙungiyar kiɗan lantarki ta mutum biyu, a Garwa tun kundinsu na farko na 2007, zamanin da ake tura waƙa daga waya zuwa waya ta Bluetooth, mun san mambobinta Gaspard Augé da Xavier de Rosnay da kiɗa mai kaushi, wanda ke girgiza lasifika kamar za ta tsage. Hyperdrama, kundin da Faransawan biyu suka fitar a Afrilun 2024 bayan Woman na 2016, ya zo da laushin da ban zata ba.

Muryar baƙon mawaƙi Kevin Parker, wanda aka fi sani da Tame Impala, ta zauna daram a kan kiɗan, kuma waƙar da ta buɗe kundin ta cancanci kyautar Grammy da ta samu a 2025. Sai dai a ganina baƙin mawaƙa sun yi yawa, har wani lokaci masu gidan kan koma 'yan rakiya. Inda babu murya ne tsohon ƙarfinsu yake bayyana, ganga tana dukan ƙirji.

Lasifikar waya tana cinye rabin aikin, domin ƙananan sautukan da aka jera a ƙarƙashi ba sa fitowa sai an sa abin sauraro a kunne.