Kyanwa ɗaya ko biyu: wanne ya fi mata?

Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda take farauta ita kaɗai, kuma har yau wannan hali bai bar ta ba. Saboda haka babbar kyanwa da ta saba zama ita kaɗai ba ta cikin kewa kamar yadda ake zato, musamman idan tana fita tsakar gida tana bin ɓeraye da ƙadangaru. Idan aka kawo mata baƙuwa kwatsam, sau da yawa takan ɗauke ta mai ƙwace mata wuri, sai ta fara ɓuya, ta rage cin abinci, ko ta riƙa fitsari inda ba ta saba ba.

Zaman biyu kuwa yakan yi daɗi idan sun tashi tare, kamar 'yan ciki ɗaya, waɗanda za ka gani suna lasar juna, suna kokawa, suna barci a manne. Ga wanda yake kulle gida tun safe har magariba, wannan nake ganin ya fi, domin ƙaramar kyanwa da aka bari ita kaɗai a ɗaki abar tausayi ce. Sai dai kowace tana buƙatar kwanonta daban, kuɗin abinci da na magani zai ninka, kuma idan muzuru ne da mace, wajibi ne likitan dabbobi ya yi musu aikin hana haihuwa, domin macen tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5, ta haihu bayan kimanin kwana 65.