A bar ta a D ko a riƙa canza giya da hannu?

Ɗan'uwanmu da ya sayi sabuwar motar gudu mai giyar otomatik, Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Tambayarka ita ce: kafin sabon inji ya ware, a D za ka bar ta tana canza giya da kanta ko ka koma M kana canza giya da 'yan faifan bayan sitiyari?

Abin da ake nema a kilomitocin farko shi ne ringin fistin, wato zobban ƙarfen da ke kewaye da fistin, su zauna daram a jikin silinda. Ba za su zauna ba sai juyin inji yana hawa yana sauka, da nauyi madaidaici.

D tana da daɗi, amma an tsara ta ne don tattalin mai. Kana tashi za ta yi ta hawa giya har ta kai ta bakwai ko ta takwas, allurar juyin inji ta kwanta ƙasa da 2,000 a minti, ta lafe a nan. Sai kuma babbar matsalar: ka zo wuce wata mota, ƙafa ta ɗan nutse a totur, nan take giyabos ya zubar da giya biyu ko uku, allura ta yi sama kamar an tsikare ta. Kafin ka ɗaga ƙafa ka wuce iyakar juyin da aka sa wa sabon inji. Porsche 911 dai ana son kada ta haura juyi 4,000 a minti har sai ta ci kilomita 3,000. Corvette C8 ma ba ta yarda da direba ba, da kanta take rage ƙarfin giya ta ɗaya da ta biyu a kilomita 800 na farko.

A M kuwa linzami na hannunka. Ka riƙe giya ta uku, ka bar allura ta hau a hankali zuwa 3,500, ka saki totur inji ya rage wa motar gudu da kansa, sannan ka maimaita. Wannan hawa da saukar shi ringi ke so. Aibinta mantuwa: ko ka bar ta tana kuka a ƙaramar giya, ko ka danna totur a babbar giya tana tafiyar hawainiya, inji na nishi. Na biyun ya fi ɓarna, ga shi ba ya ƙara balle ka ankara.

Ni dai a cunkoso D nake sawa, ba abin da za ta ɓata a can. Da hanya ta buɗe sai M. A duka biyun ka jira baƙin mai ya yi zafi tukuna, shi ya fi ruwan inji jinkirin ɗumi, kuma ka ƙyale maɓallin da ke riƙe gudu wuri guda.

Birki da taya su ma sababbi ne, sukan ci kilomita ɗari uku kafin su kama sosai. In kuma BMW M ce, akwai sabis a kilomita 2,000 da ake juye baƙin mai da man difaranshal na baya. Wace iri ce taka?