Wimbledon 2008 ko Ostireliya 2012: wane wasan tanis ne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane wasa ne ya fi kowanne a tarihin tanis na ƙwararru, kuma me ya sa kullum sai a ce wasan ƙarshe na Wimbledon na 2008 tsakanin Rafael Nadal da Roger Federer, alhali wanda Novak Djokovic da Nadal suka buga a Ostireliya a 2012 ya fi shi tsawo da fiye da awa guda. Ka ce a ganinka wanda aka fi shan wuya a cikinsa shi ya cancanci kambun. Ni dai ina tare da na 2008. Amma hujjarka ba ta yarwa ba ce, don haka bari mu jera su biyun mu duba.

Saboda 'yan'uwa da ba su saba bin wasan ba: a manyan gasanni huɗu na shekara, maza suna iya kai wa turmi biyar, wanda ya riga cin uku shi ke da nasara. Ana cin turmi ne da gem shida da ratar biyu, in kuwa aka yi shida da shida sai a shiga bugun raba gardama. A kowane gem mutum ɗaya ne ke sabis, wato bugun fara maki, ana ƙirga makin 15, 30, 40, na gaba ya kammala gem ɗin; in mai karɓa ne ya ci gem ɗin, ya karya sabis ke nan.

Mu fara kawar da maganar tsawo. Da da agogo ake aunawa, da tuni an rufe wannan muhawara. A watan Yunin 2010, a zagayen farko na Wimbledon, John Isner ɗan Amurka da Nicolas Mahut ɗan Faransa sun kwashe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, turmin ƙarshe ya tashi 70-68. Jarumta ce ta gaske, amma wasan ya yi tsawo ne don kowannensu ya kasa karɓar sabis ɗin ɗan'uwansa. Kowa ya buga fiye da sabis 100 da abokin karawar bai ko taɓa ƙwallon ba. Isner ya ci, washegari aka yi waje da shi ba tare da ya ci turmi ko ɗaya ba. Ba wanda ke kiran wannan wasan da ya fi kowanne, sai dai wanda ya fi kowanne tsawo.

Na 2012 ba irin wannan ba ne, kuma nan ne nake ba ka gaskiya. Ranar 29 ga Janairu aka fara shi a Melbourne, ba a tashi ba sai ƙarfe 1:37 na dare agogon can, wato mu a nan daga hantsi har gab da la'asar. Awa 5 da minti 53, kuma har yau babu wasan ƙarshe na babbar gasa da ya kai shi. Djokovic ya ci 5-7, 6-4, 6-2, 6-7, 7-5. Ka tuna kuma ya shigo ne da gajiyar wasan kusa da na ƙarshe, inda ya yi awa 4 da minti 50 da Andy Murray. A turmi na huɗu Nadal yana baya da 3-4, kuma 0-40 a kan sabis ɗinsa, kowa ya ɗauka ta ƙare. Sai ya ci maki biyar a jere ya tsira. A raba gardama ma yana baya da 3-5 ya ci huɗu a jere, ya durƙusa bisa gwiwoyinsa kamar wanda ya ɗauki kofin. A turmi na biyar ya yi gaba da 4-2, yana da 30-15, ƙwallo ta zo masa a saukake kusa da raga, fili a buɗe, sai bugun bayan hannunsa ya fita gefen layi da ɗan kaɗan. Daga nan wasan ya juya. Can gaba suka yi musayar bugu 31 a kan maki guda, Djokovic ya faɗi rigingine yana haki, ya tashi ya ci gaba. Lokacin jawabin ba da kofi ƙafafunsu sun kasa ɗaukarsu, sai da aka kawo musu kujeru. Duk wanda ya ce wannan ba babban wasa ba ne bai kalle shi ba.

To, me ya rage masa? Abu biyu a wurina. Na farko, mutum biyun salonsu ya yi kusa da juna. Dukansu daga layin baya suke yaƙi, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gaji ko ya yi kuskure, ga shi kuma dukansu suna ɗaukar lokaci tsakanin maki da maki, wanda ya ƙara wa agogon nauyi. Turmi uku na farko akwai kurakurai da dama a ciki, wutar ba ta kama sosai ba sai daga tsakiyar na huɗu. Na biyu, sakamakon bai canza komai ba. Djokovic ne na ɗaya a duniya kafin wasan, ya doke Nadal a wasannin ƙarshe shida a jere a 2011, wannan ya zama na bakwai. An tabbatar da abin da aka riga aka sani ne, sai dai an tabbatar da shi da wahala mai tsanani.

Yanzu dubi abin da ke kan faifai ranar 6 ga Yulin 2008 a Landan. Federer, ɗan Suwizalan mai shekara 26, ya ci Wimbledon sau biyar a jere daga 2003 zuwa 2007. Wasa 65 a jere ba wanda ya doke shi a filin ciyawa. Yana neman na shida, wanda ko Bjorn Borg, tsohon gwanin da shi ma ya ci biyar a jere, bai samu ba. Nadal, ɗan Sifaniya mai shekara 22, sarkin filin jar ƙasa ne, irin na gasar Faransa, kuma mutane da yawa sun ɗauka iyakarsa ke nan. Ya zo wasan ƙarshe a nan a 2006 Federer ya doke shi, ya dawo a 2007 aka kai turmi biyar ya sake faɗuwa. Wata guda kafin wannan rana kuma, a gasar Faransa, Nadal ya yi wa Federer dukan da ba a taɓa yi masa ba a irin wannan mataki: 6-1, 6-3, 6-0. Don haka kowa ya shigo da abin da zai rasa. Abin ya yi kama da ɗan kokawar da ya bi gwani har garinsu, ya nemi ya kayar da shi a filin da ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba.

Ga kuma bambancin salo, wanda shi ne abin da na fi so a wasan. Federer bugun bayan hannunsa da hannu ɗaya yake yi, yana son gama maki da wuri, yana zuwa raga, tafiyarsa a fili ba hayaniya. Nadal bahago ne a wasa, yana murɗa ƙwallo ta yi tsalle sama har kafaɗa, kuma daidai inda Federer ba ya so yake aika ta, wato bayan hannunsa. Kowane maki tambaya ce: shin Federer zai samu ya zagaya ya buga da gaban hannu kafin Nadal ya ɗaure shi a kusurwa? Mai kallo ko bai san dokokin wasan sosai ba yana ganin dabaru biyu na karo da juna.

Nadal ya ci turmi biyu na farko 6-4, 6-4, a na biyun ma Federer ya yi gaba da 4-1 kafin ya rasa gem biyar a jere. A na uku, ana 3-3, Federer ya tsinci kansa a 0-40 a kan sabis ɗinsa. Da ya faɗi a nan, da yau ba ma wannan magana. Ya tsira, ruwan sama ya tsayar da wasa fiye da awa guda, ya dawo ya ci turmin a raba gardama. Sai raba gardamar turmi na huɗu, wadda ita kaɗai ta isa a ajiye. Nadal ya yi gaba da 5-2 kuma sabis a hannunsa, sai hannun ya yi rawa, ya ɓata sabis biyu a jere. Duk da haka ya samu makin ɗaukar kofi har sau biyu. Na farko Federer ya kashe shi da sabis. A 7-7 Nadal ya yi gudu ya wuce Federer da bugun gaban hannu ta gefen layi, bugun da a kowace rana shi za a riƙa maimaitawa. Makin da ya biyo baya, kofi na hannun Nadal saura ƙiris, ya matso raga, Federer ya mayar masa da irinta, da bayan hannun nan da aka wuni ana kai wa hari. Bugu biyu mafi kyau a wasan sun zo a jere, a lokacin da tsoro ya fi kama mutum. Federer ya ci 10-8.

Abin da ya sa nake girmama Nadal a wannan rana shi ne abin da ya yi bayan nan. Yaro mai shekara 22, ya ga kofin da ya fi so a rayuwarsa ya suɓuce sau biyu, ruwa ya sake korar su ɗaki ana 2-2 a turmi na biyar, ya samu lokacin da zai zauna ya tuna duk abin da ya ɓarar. Ya dawo bai karye ba. A lokacin babu raba gardama a turmin ƙarshe, babu rufi a filin, babu fitilu. Duhu na shigowa suna bugawa. Ana 7-7 Nadal ya karya sabis ɗin Federer, ya zo bugawa don kofi, Federer ya sake kashe maki na uku da karɓar bayan hannu, a na huɗu ƙwallonsa ta tsaya a raga. 9-7, da misalin ƙarfe tara da kwata na dare, wanda a wannan watan daidai yake da agogon Najeriya da Nijar. Awa 4 da minti 48 na wasa. Nadal ya ci maki 209, Federer 204. Damar karya sabis 13 Federer ya samu, ɗaya kawai ya yi amfani da ita, kuma a nan wasan ya kuɓuce masa.

Bayan haka duniyar tanis ta canza. Nadal ya zama namiji na farko tun Borg a 1980 da ya haɗa gasar Faransa da Wimbledon a shekara guda, kuma ɗan Sifaniya na farko da ya ci kofin maza tun Manuel Santana a 1966. A watan Agusta ya karɓe matsayi na ɗaya bayan Federer ya riƙe shi mako 237 a jere. Wannan ne na 2012 ba shi da shi.

Dattawan cikinmu za su ce ina Borg da John McEnroe na 1980, kuma suna da gaskiyar tambaya. Borg ɗan Suwidin ya ci 1-6, 7-5, 6-3, 6-7, 8-6, kofinsa na biyar a jere. Raba gardamar turmi na huɗu ta tashi 18-16, McEnroe ya kashe makin ɗaukar kofi biyar a cikinta, bayan biyu da ya riga ya kashe. Da raket na katako suke wasa, kuma nan ma salo biyu ne: mai sanyin rai daga baya da mai zafin kai a raga. Borg ya dawo turmi na biyar ya ci maki 19 a jere a kan sabis ɗinsa. Ni ina sa shi na biyu, gaba da na 2012. Abin da ya rage masa shi ne turmin farko gefe guda ne ya buga shi, kuma mai riƙe da kambu ne ya tafi da shi. McEnroe da kansa, wanda ke sharhi a talabijin a 2008, ya ce bai taɓa ganin wasan da ya kai na Nadal da Federer ba. Mutumin da ya buga na 1980 ke nan.

Na 2019 kuwa, Djokovic da Federer a Wimbledon, ya fi zafi a zuciya fiye da kyau a ido. Federer yana dab da shekara 38, ya samu makin ɗaukar kofi biyu a 8-7, 40-15, sabis a hannunsa, ya rasa su, ya faɗi 13-12 duk da ya fi yawan maki, 218 da 204. Djokovic ya ci raba gardama uku, amma a tsakaninsu akwai turmin da ya saki gaba ɗaya, 1-6. Ba zan sa shi sama ba.

Akwai abin da ya kamata mu lura da shi: duk wasannin da muka lissafa na maza ne, don su ke buga turmi biyar. Wannan rashin adalci ne ga wasa irin na Monica Seles da Steffi Graf a Paris a 1992, wanda Seles ta ci 6-2, 3-6, 10-8, ko na Venus Williams da Lindsay Davenport a Wimbledon a 2005, inda Venus ta kashe makin ɗaukar kofi ta ci 9-7 a turmi na uku. Wanda ya nemo su ba zai yi asarar lokacinsa ba.

Wasa ɗaya ne ya sa na tsaya na sake tunani: Carlos Alcaraz da Jannik Sinner a wasan ƙarshe na gasar Faransa, 8 ga Yunin 2025. Alcaraz ya rasa turmi biyu na farko, a na huɗu yana baya da 3-5 da 0-40, ya kashe makin ɗaukar kofi uku a jere, ya ci wasan bayan awa 5 da minti 29, raba gardamar ƙarshe 10-2. Ta fuskar ƙarfin bugu da sauri, karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma yaran nan sun buga abin da na baya ba su buga ba. Amma nauyin wasa irin wannan yana fitowa ne idan an ga inda mutum biyun suka ƙare. A 2008 an riga an san wane ne Federer, an san kuma abin da ake ƙwacewa daga hannunsa. Alcaraz da Sinner yanzu suka fara gina nasu, don haka ina ganin a bar wannan hukunci zuwa wasu shekaru.

In ba ka da awa biyar na zama, nemi raba gardamar turmi na huɗu ta 2008 da gem huɗu na ƙarshe, sannan ka kalli turmi na biyar na 2012 daga 4-2, ka dawo ka faɗa mana ko ra'ayinka na nan. Irin ƙarshen na 2008 dai ba zai sake faruwa ba: tun 2009 aka yi wa babban filin Wimbledon rufi da fitilu, kuma tun 2022 duk manyan gasannin huɗu suna yanke turmin ƙarshe da raba gardama ta maki goma da zarar an kai 6-6.