Mother India ko Mughal-e-Azam: wanne za ka kai wa Hajiya?

Ɗan'uwa, tunda da Hajiya za ku zauna kallon a hutun Sallah, kuma kana son sanin wanda ya kai yadda ake zuzuta shi tsakanin Mother India da Mughal-e-Azam, to Mother India za ka ɗauka. Dukansu biyu na mallaka. Na farkon na kalle shi ya fi sau biyar, na biyun kuwa sau ɗaya na kai ƙarshensa, shi ma da ƙyar.

Ina ɗan firamare na fara ganin Mother India, a Tudun Wada, gidan wani maƙwabcinmu mai bidiyon kaset. Matan layin kan taru a tsakar gida bayan Isha, mu yara a gaba kan tabarma. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, kuma lokacin babu fassarar Hausa. Amma da aka zo wurin da Sukhilala mai ba da bashi ya tsaya a kan tsibin hatsi ana auna masa kashi uku cikin huɗu, sai ta dafa ƙirji ta ce, "Wannan ai abin da aka yi wa Baba ne." Mahaifinta manomi ne a wani ƙauye wajen Soba, ya taɓa cin buhun dawa da damina bisa sharaɗin ya biya biyu da kaka, kuma daga nan bai sake miƙewa ba sai da gona ta tafi. Daren nan har muka koma gida tana share ido da gefen mayafi.

Bara na sake kallonsa ni kaɗai, don in gwada ko ƙuruciya ce kawai ta sa nake ganin girmansa. Wallahi yana nan da nauyinsa. Mehboob Khan ya fitar da shi a 1957, kuma gaba ɗaya labarin a kan rupi 500 ya tsaya, bashin da uwar miji ta ci don bikin ɗanta. Daga wannan kuɗin komai ya lalace: dutse ya murƙushe hannayen mijin a gona, kunya ta sa ya bar gida, ambaliya ta share garin, matarsa Radha ta rage ita da 'ya'yanta tana jan garma da wuyanta. Mu da muke ganin yadda Kogin Kaduna ke shiga gidajen mutane idan damina ta yi nisa, ba sai an yi mana bayanin wannan ruwan ba. Nargis, wadda ta fito a Radha, ba ta kai shekara 30 ba lokacin, amma ta fito a amarya, ta fito a tsohuwa mai furfura, kuma ko'ina za ka yarda da ita. Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗanta Birju mai taurin kai, shi ya ciro ta daga wuta da gaske lokacin ɗaukar fim ɗin, suka yi aure a 1958. Su suka haifi Sanjay Dutt. Kuma shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga takarar Oscar a rukunin fina-finan harsunan waje. Ba zan gaya maka ƙarshen ba ko da ba ka taɓa ji ba, sai dai ka lura da fuskar Hajiya idan an zo wurin. Hukuncin da Radha ta yanke a kan ɗanta, uwa ce kaɗai za ta iya auna shi.

Yana da nasa aibun, ban ɓoye ba. Minti 172 ne, akwai ban dariyar da ta tsufa, kuma tsakiyarsa tana jan ƙafa. Na yafe masa wannan.

Mughal-e-Azam kuwa, na saye shi a faifai da tsada saboda mai shagon ya rantse mini cewa babu kamarsa, kuma har yau ina jin zafin kuɗin. Ban ce ba a yi aiki ba. K. Asif ya fi shekara 10 yana fama da shi kafin ya fito a 1960, ɗakin madubin da Madhubala ta yi rawa a ciki abin kallo ne, kuma Prithviraj Kapoor ya yi sarki a matsayin Akbar. Amma ƙarfinsa duk a magana yake, Urdu ce mai zurfi irin ta fada, sarki da yarima suna jifan juna da zance kamar masu waƙe. Wanda ya ji harshen shi ya ci daɗin. Mu da ke bin rubutun ƙasa ko fassara, ɓawon kawai muke samu, sama da awa uku ana tsaye ana jawabi. Ga shi labarin ɗan sarki ne da ya nace wa mai rawar fada. Hajiya za ta yaba kayan ado, amma ina tsammanin kafin a kai fagen yaƙi ta tashi ta yi shafa'i da wutiri ta kwanta. Naushad ne ya yi kiɗan duka biyun, don haka ta fuskar waƙa ba ka yi asarar komai ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu turi. Akwai wanda ya taɓa tura mini Mother India a memori, na dawo gida na tarar awa biyu ne, an datse waƙoƙi uku da rabin wurin ambaliyar don kada ya ci wuri. Wani kuma zai canja wa fayil suna kawai, ka buɗe ka ga fim daban. Kada ka biya sai an kunna maka a shagon: duba tsawon lokacin ya kusa awa uku, ka ja shi farko da tsakiya da ƙarshe, ka tabbatar murya tana tafiya daidai da baki. Idan mai fassarar Hausa ne, saurari minti biyar tukuna. Wasu masu fassarar kan cusa barkwancin da babu shi a asali, har a wurin mutuwa, kuma wannan fim ɗin ba ya ɗaukar haka. Gara ka karɓi mai asalin muryar, kai ka riƙa yi wa Hajiya bayani inda ta tambaya, kodayake na san ba za ta tambaya da yawa ba. Idan kuma wata rana ka ce sai ka ga Mughal-e-Azam, kada wani ya ce maka mai kala shi ne na asali. A 2004 aka sa masa kalar, kuma an rage masa tsawo.

Ka kai mata Mother India. Ku fara da wuri bayan Magariba, ka tanadi man janareto na awa uku, ka kuma kira ƙannenka mata su zauna tare da ita.