Farautar akwati a kurmin bayan makaranta: kwalliya ta biya kuɗin sabulu

Iyayen da ke zaune a yankin Devon na Ingila, in ƙungiyar iyaye ta makarantar yaranku ta fito da takardar farautar akwati, ku saya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, 'yan fam ne, kuma asusun makaranta yake shiga. Sai dai kada ku fita da takalmin zuwa biki, kada kuma ku yi wa yara alkawarin cewa kowane akwati zai fito lafiya.

Wasan, wanda Turawa ke kira letterboxing, a nan Devon aka haife shi. A 1854 wani mai yi wa baƙi jagora, James Perrott, mutumin garin Chagford, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wata fadama mai wuyar kaiwa a tsakiyar Dartmoor, wani faffaɗan daji mai tuddai. Duk wanda ya isa sai ya jefa katin sunansa a ciki, shaidar ya zo. Daga baya aka koma barin katin wasiƙa, wanda ya zo bayanka shi zai kai maka gidan waya. Yau akwatunan da aka ɓoye a Dartmoor sun kai dubbai, kowanne da hatiminsa, har ƙungiya gare su ta waɗanda suka tara hatimi 100. Amurkawa ma sun ɗauka bayan da mujallar Smithsonian ta ba da labarinsa a 1998.

Namu na makaranta ƙaramin alhaki ne kusa da wancan. Akwati goma aka ɓoye a kurmin da ke bayan filin ƙwallo. Takardar da za ka saya ba taswira ba ce, kwatance ne mai kama da kacici-kacici: daga gadar katako ka fuskanci digiri 240 a kamfas, ka yi taku talatin, ka duba gindin itacen da ya rabu biyu. In ka dace, za ka zaro robar abinci mai murfi, cikinta hatimi da ɗan littafi. Ka buga hatimin akwatin a naka littafin, ka buga naka hatimin a nasu, ka mayar da komai yadda ka same shi. Ba alewa, ba kyauta. Na zaci rashin kyautar zai kashe wa yara gwiwa, ashe hatimin kaɗai ya ishe su rigima.

Hatiman ne suka fi burge ni. Ɗaliban babban aji ne suka sassaƙa su da kilina, kowanne da dabbar kurmin: kurege, mujiya, bushiya. Bushiyar nan ƙayoyinta duk sun karkata gefe guda, hancin ya fi jikin girma, ka san hannun yaro ne. Ƙaramata ta buga ta, ta tsaya tana hura tawadar don kada ta ɓata shafin, yayanta kuwa ya tsuguna yana karanta abin da waɗanda suka riga mu suka rubuta. Yaron da sai an yi da gaske yake ɗaga kai daga waya, ga shi riƙe da kamfas yana gardamar ina ne arewa. Wannan shi ne fifikon wasan a kan geocaching, wani wasan farautar akwati da ya ɓullo a 2000, inda waya ce ke jan ka har bakin wurin. A nan dole ido ya karanta ƙasa.

Yanzu ga inda aka gaza. Batun taku ya ba mu wahala. Muna tsaye a fili ba itace ko ɗaya, yarinyar ta ɗago ta ce, "Umma, taku talatin na waye?" Gaskiyarta. Wanda ya rubuta kwatancen da alama dogo ne, kuma bai faɗi da takun wa ya auna ba. Wasan da aka shirya don yara, ai da ƙafar yaro ya kamata a gwada shi.

Akwati ɗaya ruwa ya shiga, littafin ya dame kamar fura, ba wurin buga komai. Wani kuma mun same shi ba hatimi, an bar ƙaramar motar wasa a madadinsa. Ina jin wani ne da ya saba da geocaching, inda ake musayar 'yan tarkace, ya ɗauka nan ma haka ake. Layi ɗaya a bayan murfi, cewa hatimin ba na ɗauka ba ne, da ya magance wannan. Na yaba wa masu shirya wasan dai da suka bi ƙa'idar Dartmoor, ba su cusa ko ɗaya cikin katangar duwatsu ba, don haka ba yaron da zai rushe wa manomi shinge da sunan nema.

Takardar ta ce awa ɗaya. Da ƙananan yara ku ninka. Lokacin hunturu rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi, gara ku yi azahar ku fita, ko ku tafi da safe. Ku zo da tawadarku, ba a sa ta a akwati, da takalmin ruwa da dogon wando saboda ganyen nan mai ƙaiƙayi. Da kun dawo ku duba jikin yara, musamman bayan gwiwa da bayan kunne, don kaskar nan yankin tana iya ɗauke da cutar Lyme. Akwai kuma masu yawo da karnuka ba igiya, mai tsoron kare ya san da wannan.

Keken jarirai ba zai bi hanyar ba saboda taɓo da saiwoyi, goyo ya fi. Yaron da bai fara karatu ba zai ji daɗin buga hatimi, amma kwatancen sai ɗan shekara bakwai zuwa sama.