Oksimita a Ɗakin Tiyata: Abin da Take Gani da Abin da Yake Ɓoye Mata

Cikin na'urorin da ake haɗa wa majinyaci kafin a sa shi barci domin tiyata, oksimita tana cikin mafi ƙanƙanta, amma likitan da ya saba da ita ba ya yarda a fara aiki babu ita. Ana maƙala ta a yatsa, ta haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani, sannan ta lissafa kason jinin da ke ɗauke da oksijin. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano wannan dabara a farkon shekarun 1970, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da za a tabbatar kafin kowace tiyata.

Abin da ya fi burge ni shi ne sautinta. Kowane bugun zuciya tana yin ƙara, kuma idan oksijin ya fara sauka daga kashi 95 zuwa 100 da ake so, muryar sai ta yi ƙasa, ta yadda likita zai ji matsalar da kunnensa ko da idonsa yana kan wani abu dabam, tun kafin leɓen majinyaci ya sauya launi.

Sai dai ba ta rasa aibi, kuma wasu aibobin manya ne. Yatsa mai sanyi, rawar jiki, jan farce ko faɗuwar hawan jini, kowanne yana rikita ta. Ba ta auna numfashi: wanda aka sa wa oksijin yana iya daina numfashi na ɗan lokaci alhali lambar ba ta motsa ba. Wanda ya shaƙi iskar kabon monoksaid kuwa, wato iska mai guba da ke cikin hayaƙin gawayi ko na janareta, takan nuna shi lafiya lau.

Wanda ya fi damuna shi ne batun launin fata. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna cewa ƙarancin oksijin da na'urar ba ta gano ba ya kusa ninka sau uku a baƙaƙen fata idan aka kwatanta da fararen fata, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2021. Saboda haka a sashen kulawa ta musamman, idan lambar ba ta dace da yanayin majinyaci ba, gwajin jinin da aka ɗebo daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya ne zai raba gardama.