Wata takwas ina neman taron masu daina giya da manhajar Meeting Guide

Na kwashe shekaru ina yi wa kaina alkawarin daina shan giya, ina kuma karya shi kafin mako ya zagayo, har ranar da likita ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa hantata ta fara gajiya. Shi ya kula da ni a kwanakin farko, domin wanda jikinsa ya saba da barasa sosai, idan ya yanke ta farat ɗaya ba tare da kulawar asibiti ba, yana iya fama da karkarwa da farfaɗiya da ruɗewar hankali, kuma abin yakan kai ga rasa rai. Da aka sallame ni sai ya ce magani ya yi nasa, saura in nemi mutanen da suka riga ni bin wannan hanya.

Na fara da wani shafin intanet da ya jera adireshin taruka. Na shirya na tafi da yamma, sai na tarar da ƙofa garƙame da kwaɗo, mai gadi kuwa ya ce rabon da a yi taro a wurin an fi shekara. Wanda bai taɓa shiga halin ba ba zai gane yadda ɗan cikas irin wannan ke zame wa mashayi hujjar komawa gidan jiya ba. A daren nan da ƙyar na isa gida ban ratse ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta nuna mini Meeting Guide, manhajar kyauta ta ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA, wadda Bill Wilson da Dokta Bob Smith suka kafa a 1935 a birnin Akron na jihar Ohayo a Amurka. Aikinta ba shi da wuya. Da zarar ka ba ta izinin sanin inda kake, sai ta jero maka tarukan da ke kusa, da lokacinsu da nisansu da taswirar zuwa. Ba ta nemi sunana ba, wanda ga mai kunya irina ba ƙaramin abu ba ne, kuma bayanan da take nunawa daga ofisoshin AA na yankuna take ɗauko su.

Inda na yi tuntuɓe laifina ne. Ana raba taruka gida biyu, buɗaɗɗe da rufaffe, ni kuma na ɗauka rufaffe na tsofaffin mambobi ne, don haka na yi mako biyu ina tsallake tarukan da suka fi kusa da ni. Ashe buɗaɗɗen taro shi ne wanda kowa zai iya halarta, har dangi da masu son ganin yadda abin yake, rufaffe kuwa na duk wanda ke son daina sha ne, ko da jiya ya ajiye kwalba. Wannan sha'awar dainawa ita kaɗai ce sharaɗin zama mamba, ba a kuma biyan kuɗin shiga, illa dai ana zagayawa da ɗan kwando, mai hali ya saka abin da ya sawwaƙa.

Ranar da na shiga rufaffen taro na farko, na yi kusan minti goma a bakin ƙofa ina danne-dannen waya kamar mai jiran wani. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Ɗan'uwa, shigo mana, akwai kujera." Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa. Da layi ya zo kaina na ce yau saurare zan yi, babu wanda ya matsa mini, aka wuce gaba. Na ɗora hannuwana a kan gwiwa don kada a ga suna rawa, ashe wanda ke gefena ya lura, bai ce uffan ba sai da aka tashi ya rubuta mini lambarsa a bayan wata 'yar takarda. Shi ne yanzu jagorana a matakai 12 da tafiyar AA ta ginu a kansu.

Akwai abin da manhaja ba za ta iya faɗa maka ba, wato halin kowane taro. Wani na masu yawan magana ne, wani karatu ya fi yawa a cikinsa, kuma sai da na zaga huɗu kafin na sami wanda zuciyata ta kwanta da shi. Haka nan, a yankin da AA ba ta kafu ba jerin yana iya zuwa fayau, sai mutum ya koma ga tarukan intanet. Tarukan AA kaɗai manhajar take nunawa, saboda haka mai neman SMART Recovery, tsarin da aka kafa a 1994 wanda bai jingina da batun imani ba, ko iyalin da ke neman Al-Anon, ƙungiyar da ke tallafa wa iyalan mashaya, sai su duba shafukan waɗannan ƙungiyoyi.

Yanzu ba na buɗe ta sai idan tafiya ta kama ni, domin taron Talata ya zauna mini a ka. Tun watan jiya ma ni aka ɗora wa jera kujeru, don haka nake riga kowa isa da rabin awa.